Hannun da Ya Saba da Hagu

Ban taɓa ganin yayana Nemesio Tarqui ya cinye kwanon abinci a zaune ba. Zai fara a kan kujera, ya ƙarasa a bakin ƙofa, cokali a hannu, ido a sama yana duban ko gajimare ya taru a kan dutse. Mahaifiyarmu takan ce tun yana ciki haka yake, wai bai bar ta ta runtsa ba har ya fito. Matarsa Fortunata ta yi faɗa har ta gaji, ta koma zuba masa miya a kofi mai mariƙi don ya yi ta yawonsa da ita. Wuri ɗaya na sani a duniya da yakan natsu, shi ne kujerar babbar motarsa in injin yana kuka.

Ni ce Zenobia, ƙanwarsa. Lemo da ayaba nake sara a gonakin Coroico, in hau da su La Paz in sayar. Shekara talatin da 'yan kai motarsa nake shiga, ba don shi kaɗai ne direba ba, sai don ban ga dalilin ba wa bare raina ya riƙe alhali ina da na gida. Mukan fara faɗa tun daga Yolosa, ƙauyen da ke ƙasan Coroico, ba ma shiryawa sai sanyin La Cumbre, can ƙololuwar duwatsu, ya ishe mu mun raba bargo. Ya ce bakina ya fi hon ɗin motarsa ƙara, ni kuma in ce da hon ɗin na da hankalina da tuni ya yi arziki.

Tsohuwar hanyar La Paz, tsakanin Chuspipata da ke sama da Yolosa da ke ƙasa, faɗinta na mota ɗaya ne. Dutse a gefe guda, ruwa na zubowa daga kansa har kan tamfol, ɗaya gefen kuwa babu komai sai iska, can ƙasa kogi ya yi siriri kamar zare. Dokarta ko ɗan goye ya sani: a nan hagu ake bi. Mai gangarowa shi ke bakin ramin, kuma tunda direba a hagu yake zaune, sai ya leƙa ta taga ya ga inda tayarsa ta taka da idonsa. Mai hawowa da kaya ya manne da dutse. In aka yi kiciɓis, mai gangarowa ne zai ja da baya har ya sami inda hanya ta ɗan buɗe. A cikin gari da kan kwaltar sama dama ake bi kamar ko'ina, amma da an wuce Chuspipata, ƙamshin daji ya bugi hanci, hazo ya rufe gaba, sai hannun direba ya koma hagu ba tare da an ce masa ba.

A wannan ja da bayan ne Nemesio ya yi suna. Zai buɗe ƙofa, ya fito da rabin jikinsa, ƙullin ganyen koka da direbobi ke taunawa a kunci, yana fito kamar mai tsinkar lemo a gonar ubansa. Fasinjojin da ke saman kaya su yi tsit, wasu su sauka su bi da ƙafa, matan na kiran Budurwa Maryamu.

"Yaya, tayar baya fa," in ce masa, don ina jin tsakuwa na zuba cikin ramin.

"Tayarki ce ko tawa? Ki kula da lemonki."

"Lemon ba zai yi min amfani a gindin kogi ba."

"To ki yi shiru in ji ƙasa. Da surutunki ba na jin komai."

Da gaske yake, ƙasar yake saurare ta jikin motar. Gicciyen da aka kakkafa a bakin hanya don tunawa da waɗanda suka faɗa ramin kuwa, yawancinsu ya san masu su. Wannan abokinsa ne tun na soja, wancan mai bas ne da ya tafi da mutanen ƙauye guda ranar biki. Yakan taɓa hularsa in mun zo wucewa. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne, kuma ba ya gajiya da faɗa: duk wanda ya hau motarsa ya sauka da ƙafarsa.

Da aka buɗe sabuwar hanya, ni ce ta farko a wajen murna, ba na ɓoyewa. Kwalta shimfiɗe, layi biyu, ƙarfen kariya a gefe, gadoji, har da rami da aka huda cikin dutse. An zo da limamin coci ya yayyafa ruwa, an zuba wa Uwar Ƙasa barasa bisa al'adar kakanninmu, masu kakaki suka busa har leɓensu ya kumbura. Nemesio ya tsaya daga baya, hannu a aljihu, yana sauya ƙafa.

"Hanyar yara," ya ce. "Ko Fortunata sai ta tuƙa a nan tana saƙa."

Amma ya bi ta, don kaya duk sun koma can. Abin da babu wanda ya yi tunani shi ne, sabuwar hanyar ma cikin dajin nan ta ratsa, ta ɗaya ɓarin kwarin. Ƙamshin ɗaya, hazon ɗaya, ruwan da ke zubowa daga dutse ɗaya. Sai dai ita dama ake bi daga farko har ƙarshe.

Da la'asar abin ya faru, cikin damina. Muna gangarowa da siminti da akwatunan lemon kwalba, ina gaba kusa da shi ina ɓare gyaɗa. Hazo ya sauko har ba a ganin bakin motar sosai. Muna shan wata kwana sai ga fitilu biyu sun ɓullo gab da mu. Kafin in ɗago, Nemesio ya murza sitiyari ya yi hagu, cikin natsuwa, yadda ya yi sau dubu ya tsira. Wato ya shiga hannun mutane. Ƙaramar bas ce cike da fasinja. Direbanta ya kauce ya goga da ƙarfen kariya, ƙarfe ya yi ƙara, gilashi ya tarwatse, muka tsaya hanci da hanci.

Allah ya kiyaye, babu rai. Wata mata ta karye a hannu, wani dattijo ya fashe a goshi. Direban bas ya diro ya nufo mu.

"Baba, kashe mu ka zo yi?"

Shi ma Nemesio ya diro a fusace, jijiyar wuya a tashe. "Wa ya koya maka tuƙi? Ka ga mota na gangarowa ba za ka manne da dutse ba? Ka bi hannunka mana."

"Wane hannu? Dubi ƙasa, Baba. Dubi inda ka tsaya."

Ya duba. Kwalta ce a ƙarƙashin takalminsa, ga layin fenti a tsakiya, ga motarsa ta haye shi gaba ɗaya. Matar da ta karye tana kuka a bayan bas ɗin, shi kuwa ya tsaya yana kallon hannayensa kamar na aro ne. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsa haka ba.

Shugaban ƙungiyar direbobinmu, Eleuterio Poma, sa'ansa ne, tare suka fara tuƙi. Bai kai maganar nesa ba, ya dai cire shi daga layin ɗaukar kaya. A Coroico kuwa in ba ka cikin layi, ko kwandon ayaba ɗaya ba mai ɗora maka. Motar ta koma ƙarƙashin bishiyar mangwaro a ƙofar gida, Nemesio ya koma cikin gida, gidan kuma ya ƙi ɗaukarsa.

Ya kwance ƙofar bayan gida da lafiyarta lau ya sake ɗaurawa. Ya sare reshen da ke ba kaji inuwa. Kullum da safe sai ya tada motar, ya saurari injin, ya kashe, ya zagaya ta yana dukan tayoyi da ƙafa. Daga nan ya gangara Yolosa da ƙafa, ya tsaya bakin gada yana kallon masu wucewa, ya hawo, ya sake gangarawa. Fortunata ta same ni a rumfata idonta ya faɗa.

"Zeno, yayanki zai haukata ni. Jiya tukwanena ya jera min bisa tsawo."

"Ki ba shi haƙuri."

"Haƙurin nawa ne ya ƙare, nasa dama babu. Amma ki ji, na fi son ya haukata ni a gida da a kawo min shi a buhu."

Ofishin ƙungiya kuwa ya mai da shi wurin zuwa kullum. Wata rana na je biyan wata buƙata na tarar da su, Eleuterio a zaune, shi yana kai da komo gaban tebur.

"Zauna, ɗan'uwa, kana sa ni jiri," in ji Eleuterio.

"Ka mai da ni layi in zauna a inda na saba."

"Na samo maka aiki ai. Masu kawo Turawa su gangara tsohuwar hanya a kan keke suna neman direban da zai riƙa bin su da ƙaramar mota. Hanyarka ce, hagunka ne, ba mai damunka."

"In riƙa bin bayan ƙattai masu wandon roba kamar makiyayi? Su tsaya ɗaukar hoto a inda abokaina suka faɗa, ni in riƙe musu ruwan sha? Ka ba ɗanka."

"Girman kai rawanin tsiya, Nemesio."

"Sau ɗaya na yi kuskure. Sau ɗaya a rayuwata. Kai ka manta ranar da ka..."

"Ban manta ba. Ni shi ya sa na zauna a tebur."

Haka suka yi ta yi har damina ta zagayo. Ƙarshe dai naci ya yi rana. Eleuterio ya ce ya amince da gwaji guda: Nemesio zai hau La Paz da cikakken kaya ta sabuwar hanya, a ranar da hazo ya yi kauri, shi kuma yana zaune a gefensa. In tayarsa ta taɓa layin tsakiya ko sau ɗaya, magana ta ƙare har abada. In bai taɓa ba, ya koma layi. Da aka nemi mai ba da kaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ni na ba da lemona, na kuma ce da ni za a je. Fortunata ta daina yi min magana tun daga ranar. Gaskiya ni kaina ban san abin da nake roƙo ba, ya ci ko ya faɗi. Ina son ransa, ina kuma ganin yadda zaman gida ke cin sa kamar gara.

Da hantsi muka tashi, ruwa na yayyafi. Ni a tsakiya, Eleuterio a bakin taga ya rungume jakarsa. Tun daga gadar farko na san wani abu ya sauya. Babu fito, babu ganyen koka, bai tanka min ba ko da na tsokane shi cewa ya yi aski kamar mai zuwa neman aure. Hannu biyu a kan sitiyari, ƙirji ya matso gaba, leɓensa na motsi. Na kasa kunne. "Dama, dama," yake faɗa a hankali, duk lokacin da muka tunkari kwana.

Muna hawa, hazo na ƙara kauri. Fitilu su ɓullo, su wuce ta hagunmu, su ɓace. Kowane wucewa sai in ga kafaɗarsa ta ɗan girgiza, sannan ta koma. Sanyi ya fara shigowa har na jawo mayafina, shi kuwa gumi ke bin wuyansa. Eleuterio ya yi ƙoƙarin hira, ya kawo zancen tsadar taya, ya kawo na ƙwallo, babu amsa, ya haƙura ya zuba wa layin fentin ido.

Gab da ramin da aka huda cikin dutse, wata tankar mai ta fito daga hazo a guje, ta ci rabin hannunmu. Irin wannan ne ainihin abin da ake tsoro. Na ji numfashin Nemesio ya tsaya, na ga hannayensa sun ƙame har ƙashin ya fito fari. Motar ta ɗan yi rawa, sannan ya ja ta dama, ya matse ta da bakin hanya har madubi ya shafi ganye. Tankar ta wuce da iskarta. Eleuterio ya sauke ajiyar zuciya ya yi alamar gicciye.

"Ɗan banza," ya ce wa mai tankar. Ya juyo ya dubi yayana. "Da tsohuwar zuma ake magani."

Nemesio bai ko kalle shi ba. Har muka fita daga daji, muka hau inda ciyawa ke gajeruwa, dutse ya yi baƙi da ƙanƙara a kansa, bai saki sitiyarin da hannu ɗaya ba. A La Cumbre karnuka suka taso bakin hanya kamar kullum suna jiran burodin da direbobi ke jefa musu don neman sauka lafiya. Shi da bai taɓa wuce su ba, ranar ko juyawa bai yi ba. Ni na miƙa hannu ta kan Eleuterio na jefa.

Muka gangara La Paz, muka shiga tashar Villa Fátima, ya gyara tsayuwa tsaf a inda ake sauke lemo. Eleuterio ya daki kafaɗarsa yana dariya.

"Ka ci, ɗan'uwa. Ko gashin layin ba ka taɓa ba. Gobe ka shiga sahu, kuma kai za ka sayi miyar rana."

Ni har na fara hawaye don daɗi. Nemesio ya kashe injin, ya zare makulli, ya ɗan jujjuya shi. Sai ya miƙa shi ta gabana ya ajiye a kan jakar Eleuterio.

"Mene ne haka?"

"Ka nemo mata direba. Wanda bai taɓa bin tsohuwar hanya ba."

"Ka ji abin da na ce kuwa? Cewa na yi ka ci."

"Na ji. Kai layi kake kallo, ni hannuna nake ji. Babu fitilar da ta ɓullo yau da bai nemi hagu ba, ko ɗaya. Ni na hana shi, da ƙarfi, don kana zaune a nan, don na kwana da shiri. Gobe fa? Ranar da na gaji, ko Zeno ta ja ni da surutu, ko na tuna wani abu? Shi ba ya mantuwa, Eleuterio. Ni ne zan manta."

"Yaya," na ce, "a hankali zai saba. Yau ma ai..."

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙanwata. Wancan karon hannun mace ɗaya ne. Ba zan jira in ga na gaba ba."

Eleuterio ya yi ta magana, ya lallasa, ya zage shi, ya ce ya ɓata masa rana a banza. Ni ma na ce abin da ya zo bakina, har da cewa ya sa na yi gaba da Fortunata don babu. Nemesio ya buɗe ƙofa. Ya sauka, ya taya masu dako sauke lemona har kwandon ƙarshe, ya goge gilashin gaba da hannun rigarsa, ya ce in zo mu nemi motar gida kafin hazon yamma ya yi yawa.

Ƙaramar bas muka samu. Bai taɓa biyan kuɗin mota zuwa Coroico ba, har sai da na nuna masa inda ake karɓar tikiti. Muka zauna a kujerar bayan direba, wani matashi mai tauna cingam da ya ƙure kiɗa. Har muka wuce La Cumbre Nemesio na ta mutsu-mutsu, ya gyara hula, ya buɗe taga, ya rufe, ƙafarsa na taka birkin da babu. Na bar shi.

Da muka gangara cikin daji, ƙamshin jiƙaƙƙen ganye ya shigo, hazo ya rufe gilashi. Fitilu biyu suka ɓullo a wata kwana. Hannayensa da ke kan gwiwa suka zabura tare, suka murɗa hagu a cikin iska. Ya yi sauri ya cusa su tsakanin cinyoyinsa, ya saci kallon madubin direban. Sannan ya matso kusa da kunnena.

"Zeno, riƙe min su. Kada yaron nan ya gani."

Na kama su na lulluɓe da mayafina. Duk fitilar da ta zo ina jin su suna fizga a tafina, ina matsewa, shi kuma yana kallon gaba kamar ba nasa ba. Ban sake su ba har muka isa Coroico.